Faifan kwamfuta ya cika: tambayoyi da amsoshi kan share tarkacen burauza ba tare da asara ba

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutarsa ya tarar layin faifan C ya koma ja wur, ya san irin faɗuwar gaban da ake ji. Fayil ya ƙi ajiyuwa, Windows ta ƙi sabunta kanta, komai sai jan ƙafa yake yi. Daga nan sai mutum ya shiga lalube, ya ci karo da wata folda ta burauzarsa da ta kumbura, ya tsaya da yatsa a kan maɓallin gogewa yana wasi-wasi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi mini a kan wannan, daga ɗalibai, da masu shagon buga takardu, da 'yan'uwa a gida. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ma'ajiyar wucin gadi ta burauza abin sharewa ce, babu fargaba. Maƙwabtanta da ke zaune da ita a gida ɗaya su ne ba a taɓawa da garaje.

Wai mene ne wannan tarkacen da burauza ke tarawa, kuma wa ya sa ta?

Duk shafin da ka buɗe a intanet, ba rubutu kaɗai yake zuwa da shi ba. Akwai hotuna, da tambarin shafin, da salon haruffa, da ƙananan shirye-shiryen da ke sa maɓallai su yi aiki. Burauza, wato manhajar da kake shiga intanet da ita kamar Chrome ko Firefox ko Edge ko Opera, takan ajiye kwafin waɗannan a kan faifanka. Gobe in ka dawo shafin, sai ta ɗauko daga gida maimakon ta sake saukowa da su. Wannan ma'ajiyar ita masu gyaran kwamfuta ke kira kash.

Kamar randa ce a tsakar gida. Ana ɗebo ruwa daga rijiya a zuba, don kada duk mai son moɗa ɗaya sai ya tafi da guga. In ka zubar da ruwan randa, rijiyar tana nan, sai dai a sake ɗebowa.

Shi kansa shafin ne ke faɗa wa burauza tsawon lokacin da za ta riƙe kowane fayil. In wa'adin ya cika, sai ta tambayi uwar garken shafin, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ko abin ya canza. In bai canza ba, amsar da ke dawowa 'yar gajeruwa ce mai lamba 304, ma'ana yi amfani da wanda ke hannunki. Ta haka ake tsimin data da lokaci. Tun daga Chrome 86 a watan Oktoban 2020, da Firefox 85 a Janairun 2021, kowane shafi da tasa randar, don kada wani shafi ya leƙa ya gane inda ka je. Wannan ya ƙara sirri, amma yakan sa a ajiye fayil iri ɗaya sau biyu ko uku in shafuka daban-daban suna amfani da shi.

In na share kash, me zan rasa?

Babu abin da ba zai dawo da kansa ba. Kalmomin sirrinka suna nan, adireshin shafukan da ka adana suna nan, ba za a fitar da kai daga Gmail ko Facebook ba. Shafuka za su ɗan yi nauyin buɗewa a karon farko, kuma za su ci data fiye da yadda suka saba. Shi ke nan.

To in haka ne, me ya sa ake ta gargaɗi?

Saboda tagar da ake share kash a cikinta, ita ce kuma tagar da ake share sauran abubuwa, kuma akwatunan suna jere kusa da juna. Mutum yana sauri, ya ga duk an yi musu alama, ya danna. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ga maƙwabtan da nake nufi. Na farko kukis da bayanan shafuka: su ne ke sa shafi ya gane ka. In ka share su, za a fitar da kai daga kusan ko'ina, WhatsApp na kwamfuta zai nemi ka sake haɗa shi da waya, kuma duk takardar da ka rubuta a Google Docs lokacin da babu intanet, in ba ta riga ta hau ba, tana iya tafiya. Na biyu tarihin shafukan da ka ziyarta. Na uku kalmomin sirrin da burauza ta adana maka, kuma nan ne kuka yake. Mutane da yawa shekara da shekaru ba su rubuta kalmar sirrin imel ɗinsu da hannu ba, burauza ce ke cike musu. Lambar wayar da suka buɗe asusun da ita kuma ta daɗe da ɓacewa. Ran da aka share, ran nan asusun ya zama na tarihi.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. In ka shiga burauzar da asusun Google ko na Microsoft kuma ka kunna daidaitawa tsakanin na'urori, abin da ka share na tarihi ko kalmomin sirri a kwamfuta zai share a wayarka ma. Kash kuwa ba ya bin wannan hanyar, don kowace na'ura da nata.

Wace hanya ce ta fi aminci? A faɗa mini daki-daki.

Ka bar burauzar ta share kayanta da kanta. Buɗe ta, ka danna Ctrl da Shift da Delete a tare. Wannan yana aiki a Chrome da Edge da Firefox da Opera a kan Windows. A kwamfutar Mac, Command ake dannawa a madadin Ctrl.

Taga za ta fito. A wurin zaɓen lokaci, zaɓi "All time", ko "Everything" in Firefox ce, domin in ka bar shi a kan awa ɗaya da ta wuce ba abin kirki da zai ragu. Sannan ka cire alama daga kowane akwati, ka bar guda ɗaya tak: "Cached images and files" a Chrome da Edge. A Firefox sunan yakan bambanta da sigar da kake da ita, amma za ka ga kalmar "cache" ko "cached" a jikinsa. Yawanci a ƙarƙashin akwatin ana rubuta yawan wurin da za a samu. Ka karanta wannan lambar da kyau, za mu dawo kanta.

Kafin ka danna maɓallin ƙarshe, ka sake bin akwatunan da ido ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina har yau sai na yi haka, ko da na yi aikin sau ɗari, domin burauza takan tuna zaɓin da aka yi a baya, kuma ba lallai kai ne ka yi shi ba.

Masu Safari a Mac sai sun kunna jerin "Develop" daga saitunan ci-gaba, sannan su zaɓi "Empty Caches".

Malam, na yi duk abin da ka ce, amma wurin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Foldar burauzar har yanzu gigabait da yawa ce.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ita aka fi yi.

Kash na asali ba ya cika girma sosai. Burauza tana sa masa iyaka da kanta, in ya kai sai ta riƙa zubar da tsofaffi. Firefox ba ta cika barin nata ya wuce kimanin gigabait 1 ba. Saboda haka in ka ga foldar burauza ta kai gigabait 8 ko 15, da wuya kash ne kaɗai. Akwai wata ma'ajiya ta daban da shafuka ke amfani da ita.

Shafukan yanzu sun zama kamar manhajoji. Suna iya aiki ko babu intanet, suna ajiye saƙonni, da wasiƙu, da bidiyo, da taswira a cikin kwamfutarka. A Chrome da Edge waɗannan suna zama a foldoji masu suna "IndexedDB" da "Service Worker", kuma akwatin kash ba ya taɓa su, don a ƙarƙashin bayanan shafuka ake lissafa su. Ƙa'idar Chrome ta ba shafi ɗaya damar cin har kashi 60 cikin 100 na girman faifai gaba ɗaya. Ba kasafai ake kaiwa can ba, amma ka ga ƙofar a buɗe take.

Maganin ba shi ne ka share kukis gaba ɗaya ba. Ka nemo wanda ya ci wurin. A Chrome, rubuta chrome://settings/content/all a wurin adireshi, ka jera shafukan bisa yawan bayanan da suka ajiye. A Firefox, shiga saituna, ɓangaren sirri da tsaro, ka danna "Manage Data". Za ka ga sunan kowane shafi da nauyinsa a gefe. Sau da yawa biyu ko uku ne a sama suka cinye kusan komai, sauran ɗaruruwan duk ƙananan kilobait ne. Wanda ka gane kuma ba ka buƙatarsa, kamar shafin kallon ƙwallo da ka shiga sau ɗaya bara, share shi shi kaɗai. Wanda kake aiki da shi kullum, ka tabbata ka san kalmar sirrinsa kuma aikinka ya hau intanet, sannan ka share.

Ka duba kuma ko akwai asusun mutane da yawa a burauzar. Kwamfutar gida ko ta shago takan tara su: na maigida, na uwargida, na ƙanin da ya zo hutu shekara biyu da suka wuce. Kowane da nasa kash da nasa bayanan shafuka, kuma sharewar da ka yi a naka ba ta shafi nasu ba.

Zan iya shiga foldar in goge da hannuna?

Za ka iya, kuma wani lokaci dole ce, misali in faifan ya cika maƙil har burauzar ta ƙi buɗewa. Amma nan ne nake so a nutsu.

Da farko rufe burauzar gaba ɗaya. Rufe taga bai isa ba, domin Chrome da Edge sukan ci gaba da aiki a ɓoye. Danna Ctrl da Shift da Esc, ka duba ko akwai sauran chrome.exe ko msedge.exe ko firefox.exe, ka tsayar da su. Sannan danna maɓallin Windows da R, ka rubuta adireshin.

Na Chrome: %LocalAppData%\Google\Chrome\User Data\Default

Na Edge: %LocalAppData%\Microsoft\Edge\User Data\Default

A ciki, foldojin da za ka iya kwashe abin da ke cikinsu hankali kwance su ne "Cache", da "Code Cache", da "GPUCache". Waɗannan uku kawai. A daidai wurin nan, kafaɗa da kafaɗa da su, akwai fayil mai suna "Bookmarks" da ke riƙe da adireshin da ka adana, da "Login Data" mai riƙe da kalmomin sirri, da "History". Ba su da wata alama da ke nuna darajarsu, ƙananan fayiloli ne farare kamar kowane. In kana da asusu fiye da ɗaya, za ka ga "Profile 1" da "Profile 2" kusa da "Default", tsarinsu iri ɗaya ne.

Firefox ta raba gida biyu, kuma wannan dabara ce mai kyau. Kash yana cikin %LocalAppData%\Mozilla\Firefox\Profiles, a folda mai suna "cache2". Kayan daraja kuma suna can wani wuri, a %AppData%\Mozilla\Firefox\Profiles: places.sqlite na adireshi da tarihi, logins.json da key4.db na kalmomin sirri. Hanyoyin biyu sun yi kama ƙwarai, bambancin kalmar "Local" ce kawai, don haka a karanta da kyau. A Linux kash yana cikin ~/.cache, a Mac kuma ~/Library/Caches.

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta taɓa kawo mini kwamfutarta da yamma, idonta ya yi ja. Wani ya ce mata foldar burauza duk shara ce. Ta zaɓi uwar foldar gaba ɗaya, ta danna Shift da Delete don kada ta tsaya a kwandon shara. Wurin ya samu kuwa. Da ta buɗe burauzar sai ta tarar da ita fes kamar yau aka saka ta: adireshin maƙaloli da ta tara wata shida don kundin bincikenta babu ko ɗaya, kalmar sirrin shafin makaranta babu. Ba ta taɓa haɗa burauzar da wani asusu ba. Muka zauna har bayan isha'i muna bin imel ɗinta da saƙonnin da ta tura wa ƙawaye, muna tsinto adireshin ɗaya-ɗaya tana rubutawa a bayan littafi. Mun samu wasu, da yawa ba mu samu ba. Tun daga ranar, shawarata ga kowa ita ce: kada ka goge folda kai tsaye, canza mata suna tukuna. Mai da "Cache" ta zama "Cache-tsoho", buɗe burauzar, ka ga komai lafiya, sannan ka goge tsohuwar.

Mai jakar kuɗin kirifto da ke zaune a cikin burauza a matsayin ƙari, wato 'yar manhajar da ake ɗora wa burauza, ya ƙara taka-tsantsan. Bayanan jakar a cikin wannan uwar foldar suke. In ta tafi kuma ba ka rubuta kalmomin dawo da jakar a takarda ba, babu wanda zai iya dawo maka da ita.

Aikin gama ya gama, na riga na goge abin da bai kamata ba. Akwai dabara?

'Yar'uwa ko ɗan'uwa, kada ka buɗe burauzar tukuna, kuma ka daina saukar da komai a faifan. Duba kwandon shara. In foldar tana can, mayar da ita, an gama.

In adireshin da ka adana ne kawai suka ɓace, Chrome takan bar kwafi mai suna "Bookmarks.bak" a gefen na asali, amma tana iya rubuta sabo a kansa in an sake buɗe ta, shi ya sa na ce a dakata. Firefox tana da folda mai suna "bookmarkbackups" da ke riƙe da kwafi har 15 na kwanakin baya, ana dawo da su daga cikin burauzar. In da ma ka haɗa Chrome da asusun Google kuma folda ce ka goge da hannu, shiga passwords.google.com, kalmomin sirrinka suna can.

Manhajojin tono fayilolin da aka goge sukan yi nasara a tsohon faifai mai juyawa. A faifan SSD, wato sabon nau'in da ba ya juyawa, kuwa fatan kaɗan ne, don shi yakan share gurbin da gaske jim kaɗan bayan gogewa.

Kullum zan riƙa sharewa don kwamfuta ta yi sauri?

A'a, kuma ina so a bar wannan al'adar. Kash an yi shi ne don sauri. Mai share shi kowace safiya kamar mai zubar da ruwan randa ne kullum, sannan ya biya ɗan garuwa ya sake cikawa. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa wannan asara ce a fili, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da shi a Janairun 2025.

Lokuta biyu ne sharewa ke da amfani: in wuri ya ƙure, ko in wani shafi ya rikice yana nuna tsohon abu. A na biyun ma ba sai an share duka ba. Danna Ctrl da F5 a kan shafin, zai sauko da sabo ya bar sauran.

Ba yadda za a hana shi girma tun farko?

Akwai. A Firefox, rubuta about:config, nemo browser.cache.disk.smart_size.enabled ka mai da shi "false", sannan a browser.cache.disk.capacity ka sa girman da kake so da kilobait, misali 256000. A Chrome babu wannan a saituna. Sai dai a danna dama a kan gunkin da ake buɗe ta da shi, a shiga "Properties", a ƙarshen layin "Target" a bar tazara a ƙara --disk-cache-size=104857600, wato megabait 100. Yana aiki ne kawai in ta wannan gunkin aka buɗe ta.

Gaskiya ban cika ba da wannan shawarar ba sai ga masu ƙananan kwamfutocin nan masu faifan gigabait 32 ko 64. Iyakar ba ta shafi bayanan shafuka ba, su kuwa su ne masu cin wurin.

Foldar Temp ta Windows fa, ita ma ɗaya ce da ta burauza?

Daban take. Wannan ta dukkan manhajoji ce, inda suke ajiye abin da suke aiki da shi na ɗan lokaci. Rubuta %temp% bayan ka danna Windows da R za ka gan ta. Rufe duk manhajoji, zaɓi abin da ke ciki, ka goge. Wanda Windows ta ce ana amfani da shi, tsallake shi, kada ka matsa. Kada kuma a yi wannan ana tsakiyar saka wata manhaja.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce saitunan Windows: "System", sai "Storage", sai "Temporary files". Akwai kuma tsohon kayan aikin nan "Disk Cleanup". A jerin da ke cikin saitunan akwai akwati mai suna "Downloads". Wannan ba shara ba ce, foldarka ce ta abubuwan da ka sauke: takardar shaidar biyan kuɗin makaranta, hotunan biki, littattafai. Kada ka yi masa alama. Haka in ka kunna "Storage Sense" mai sharewa da kansa, duba abin da aka ce ya yi da wannan foldar.

Amma ka shiga foldar da kanka ka duba, don akwai shara ta gaske a ciki. Duk lokacin da intanet ta yanke ana tsakiyar saukar da babban fayil, guntun yakan zauna. Na Chrome da Edge sunansu yana ƙarewa da .crdownload, na Firefox da .part. Inda sabis ke yawan ɗaukewa, irin waɗannan sukan taru, ga kuma fayil ɗaya da aka sauke sau uku saboda ba a tabbata na farko ya kammala ba. Jera foldar bisa girma, za ka sha mamaki.

Me ka ce game da manhajojin share-share da ake tallatawa?

Ba ka buƙatarsu don wannan aikin. Abin da suke yi, burauza da Windows suna yi kyauta, kuma da yawansu a saitinsu na farko suna haɗawa da kukis su share. Ko sanannu ma ba su tsira daga matsala ba: a 2017 masu kutse sun cusa mugun shiri a cikin CCleaner siga ta 5.33, kuma sama da mutum miliyan 2 suka sauke ta daga hanyar kamfanin ta halal kafin a gano.

Wanda ya fi damuna shi ne saƙon da ke faɗowa a gefen allo yana cewa ma'ajiyarka ta cika ko ƙwayar cuta ta kama ka, danna nan a share. Shafin intanet ba shi da hanyar bincika faifanka ya gano cuta. Tarko ne. Yawanci wani shafi ne ka taɓa ba shi izinin turo sanarwa ba ka lura ba. Shiga saitunan shafuka, ɓangaren "Notifications", ka cire duk sunan da ba ka gane ba.

Ni a waya matsalar take, Malam. Kullum sai ta ce wuri ya ƙare.

A Android, shiga saituna, ɓangaren manhajoji, zaɓi burauzar, shiga ma'ajiyarta. Maɓallai biyu za ki gani. "Clear cache" shi ne namu, ba ya cutarwa. Ɗayan, "Clear data" ko "Clear storage", yana mai da manhajar kamar sabuwa, komai ya tafi. A kan burauza wannan ciwon kai ne. A kan WhatsApp kuwa babbar asara ce in ba ki da ajiyar saƙonni a Google Drive. Na ga wadda ta rasa saƙonnin muryar mahaifiyarta da ta rasu ta wannan maɓallin, don haka ba na gajiya da maimaita shi.

Kuma a waya da wuya burauza ce mai laifin. Buɗe WhatsApp, saituna, "Storage and data", sai "Manage storage". Zai nuna miki fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Bidiyon zaurukan dangi da na unguwa sukan fi kash ɗin burauza nauyi nesa ba kusa ba. Ki kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ki riƙa zaɓen wanda kike so.

A iPhone, maɓallin "Clear History and Website Data" na Safari yana haɗa tarihi da kukis da kash ya share a tare. In ba haka kike so ba, shiga "Advanced", sai "Website Data", ki cire shafukan ɗaya-ɗaya.

Share kash yana ɓoye inda na shiga?

Ba ya ɓoyewa. Tarihi yana nan sai an share shi daban, kuma kamfanin da ke ba ka intanet ko mai kula da na'urorin ofis ba a faifanka yake dubawa ba. In a shagon intanet kake, ka je cike fom ɗin jarrabawa ko neman aiki, buɗe tagar sirri da Ctrl da Shift da N, ko Ctrl da Shift da P a Firefox. Ita ba ta barin kash ko kukis bayan an rufe ta. Amma fayil ɗin da ka sauke yana nan a kwamfutar shagon, ka goge shi kafin ka tashi, har daga kwandon shara.

Na ga ana maganar "Temporary Internet Files". Ina take?

Sunan kash ɗin Internet Explorer ne, wadda Microsoft ta yi wa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. A Windows 10 da 11 foldar ta koma "INetCache", kuma wasu manhajojin ofis suna amfani da ita har yanzu. "Disk Cleanup" yana share ta lafiya, amma ba ta da alaƙa da kash ɗin Chrome ko Firefox.

Na yi duk wannan, layin har yanzu ja ne.

To ba burauza ba ce, kuma lokaci ya yi da za a daina zato a auna. Manhajoji irin su WinDirStat ko TreeSize Free ba sa share komai da kansu, suna jera maka foldoji ne daga mafi nauyi zuwa ƙasa. Cikin mintoci kaɗan za ka ga ɓarawon wurin da idonka.

Waɗanda aka fi kamawa: foldar "Windows.old" da ke saura bayan babban sabuntawa, wadda Windows kan cire da kanta bayan kwana 10, in ta maƙale kuma ta "Disk Cleanup" ake cire ta ba da hannu ba. Sai hiberfil.sys, fayil ɗin da ke riƙe aikinka in kwamfuta ta yi dogon barci, mai cin gigabait da dama. Sai kwandon shara da ba a taɓa zubarwa ba, domin abin da ke cikinsa yana nan a kan faifai. Sai foldar "Old Firefox Data" da ke bayyana a fuskar kwamfuta bayan an sabunta Firefox daga tushe. Duk abin da ka gani a cikin foldar Windows ko "Program Files" ba ka san shi ba, bar shi, ka tambaya.

Wani lokaci kuma faifan ne ya yi kaɗan. Wanda aka rubuta wa gigabait 128, Windows za ta nuna maka kimanin 119, kuma Windows 11 kaɗai tana neman faifan da bai gaza 64 ba kafin ta yarda ta hau. In ka ɗora manhajojin ofis da hotunan shekara uku, babu sharar da za ta ishe ka. Kwashe bidiyo da hotuna zuwa faifan waje, ka buɗe su a can ka tabbata sun kwafu kafin ka goge na ciki. In kwamfutar tana karɓar canji, kai ta wurin mai gyara a sa mata SSD na gigabait 256 ko 512, ka ce ya kwafe tsohon faifan gaba ɗaya zuwa sabon, kuma ka karɓi tsohon ka tafi da shi gida.